Kalmalo: Tafkin Da Ake Yanke Wa Hukunci Daga Nesa

Motar ta bar Sakkwato bayan sallar asuba, ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela ke ci. Mutum biyu a gaba, huɗu a baya, a but kuwa an danna kwalayen kifin ƙanƙara har murfin ya ƙi rufuwa, sai da direba ya ɗaure shi da igiyar roba. Kafin a kai Kware ƙarnin kifin ya cika motar. Matafiyin da ke takure a jikin ƙofa ya waiwaya ya karanta rubutun da ke jikin kwali ɗaya: a wani teku mai nisa aka kama kifin nan, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta kudu, ya hau babbar mota mai firji, ga shi yanzu ya nufi bakin iyakar Nijar. Mai kayan, wata dattijuwa mai lulluɓi ruwan toka, sai roƙon direba take yi ya ƙara wuta kada rana ta fito ƙanƙara ta narke.

Tsakanin Sakkwato da Illela bai kai kilomita 100 ba. Hanyar ta ratsa Kware da Gwadabawa, ta bi ta gonakin gero da aka girbe, da fakon da ba ya fid da komai sai sabara da geza. Wanda ya dubi wannan ƙasa cikin hunturu, ƙura ta turnuƙe, raƙuma na jan ƙafa a gefen titi, da wuya teku ya faɗo masa a rai. Amma masana ilmin duwatsu sun tabbatar cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, ruwan gishiri ne ya shimfiɗe a nan. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana siminti da ita, da wadda ake haƙa a Malbaza ta ƙasar Nijar, ragowar bawon halittun wannan teku ce. A duwatsun Dange an tsinci haƙoran kifin shak. Akwai ma wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a wannan yanki, masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, wato da sunan Goronyo. Tekun ya janye tun kafin a san mutum a doron ƙasa. Abin da ya rage wa mutanen yankin shi ne gulabe da tafkuna da rijiyoyi, kuma ɗaya daga cikin tafkunan nan, wato Kalmalo, shi ne ya fito da matafiyin daga gida.

Illela ranar kasuwa ba ta da masaka tsinke. Kara cike da shanu da raƙuma da tumakin Balami da Uda, 'yan canji zaune da damin naira da sefa a kan tabarma, buhunan albasa jibge kamar ganuwa. Hausar Adar da ta Gobir da ta Sakkwato sai cakuɗuwa suke yi, ga Buzaye da rawunansu, ga Yarbawa da Inyamurai masu sayen dabbobi. A layin masu kifi aka sauke dattijuwar. Nan matafiyin ya tsaya ya ƙare wa teburan kallo. Gefe guda kifin ƙanƙara ne ana datsa shi da adda. Ɗaya gefen kuma banda ce, tarwaɗa an lanƙwasa ta an soke wutsiya a baki, ta yi baƙi sai ƙyalli take yi. Ya tambayi mai bandar daga ina kayansa suke. Ya lissafa masa Yawuri da Goronyo da tafkunan cikin Nijar. Na Kalmalo fa? Mutumin ya ce ana samu, amma sai shekarar da ruwa ya zo.

Mutanen Illela sun saba da hukuncin da ake yanke wa rayuwarsu daga nesa. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin da ya raba su da Birnin Ƙonni, aka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908, ba tare da an tambayi ko mai unguwa ɗaya ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake datse ta saboda takunkumin ECOWAS, manyan motoci suka yi layi kaya na ruɓewa, har zuwa Maris na 2024. A rediyo suka ji rufewar, a rediyo suka ji buɗewar. Ko babban titin da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2024, mai tsawon kilomita 1,068, wanda zai tashi daga nan Illela ya dangana da Badagry a bakin teku, labari ne da ya zo musu a gama. Suna murna da shi, babu shakka. Amma su ne na ƙarshen ji.

Da hantsi ya ɗaga, matafiyin ya hau kabu-kabu zuwa Kalmalo. Tafiyar ba ta da tsawo. An bar kwalta, an bi yashi, an wuce 'yan mata ɗauke da tallan fura, sai ƙasa ta fara sauya launi daga ja zuwa baƙa. Iska ma ta sauya, ta ɗauko ɗanyen ƙamshin albasa da laka.

Tafkin Kalmalo shimfiɗaɗɗen kwari ne, wanda idan ya cika ido ba ya ganin ƙarshensa sosai, idan kuma ya ja baya sai ya bar baƙar laka mai tsattsagewa kamar tafin ƙafar manomi. A wannan lokaci na shekara ruwan ya janye can ciki. Inda ya bari an yanka fangali-fangali: albasa, tattasai, tumatir, alkama, ga masara a gefe. Ƙarar injinan ban ruwa ta cika wurin, kowane na zuƙo ruwa daga bututun da aka kafa a ƙasa, mesa shuɗiya na malala cikin kwari. A gefen wani fangali ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Mai lambun ya dangwala da yatsa ya nuna wa baƙon: kanwa ce ke tasowa, kuma inda ta yi yawa shuka ba ta yin kirki. Can nesa garken shanu na gangarowa mashaya, wani yaro Bafillace na gaba da sanda a kafaɗa, yana neman hanyar da zai bi tsakanin lambunan ba tare da saniya ta saka baki a kayan wani ba. Hanyar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Rigimar manomi da makiyayi a wurare irin wannan daga ƙanƙancewar wannan hanya take farawa.

Ƙarƙashin wata bishiyar gawo wani tsoho ne zaune a kan kifaffen kwale-kwale, yana ɗinkin kalli. Zaren na maƙale a babban yatsan ƙafarsa, hannuwansa na ƙulla ido bayan ido ba tare da ya duba ba.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Wa alaikumus salam. Maraba, ɗana. Daga birni?"

Da aka gama gaisuwa, aka tambayi iyali da sanyi, tsohon ya matsa ya ba shi gefen kwale-kwalen. Da ya ji abin da ke tafe da baƙon, sai ya ɗaga allurarsa ya nuna wata tsamiya can bayan lambuna, nesa da ruwa ƙwarai.

"Ka ga itacen can? Nan munka saba ɗaure jirgi."

Ya ba da labarin tafkin da ya sani yana yaro, wanda ake su a cikinsa rani da damina, ana fid da tarwaɗa da karfasa da kurungu, fatake na zuwa da jakuna suna ɗauka. Ya ba da labarin shekarun da ruwan ya ɗauke ƙaf har aka riƙa ratsa tsakiyar tafkin da ƙafa, masunta suka watse, wasu suka nufi Yawuri, wasu Tafkin Chadi, wasu suka ajiye taru suka ɗauki fartanya. Ya ce a irin waɗannan shekaru gaiwa kaɗai ke saura. Ita gaiwa idan ruwa ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Masunta sun san inda take kwance, suna bin tsagar ƙasa su tono ta. Matafiyin ya lura cewa tsohon ba ya lissafa shekaru da lamba. Yana cewa shekarar yunwa kaza, shekarar da ruwa ya kai gindin tsamiya, shekarar da ya shiga gari ya rushe gidaje. Amma jerin a tsare yake a kansa, babu shekarar da ta hau kan wata.

Ruwan Kalmalo ba a Najeriya yake farawa ba. Daga tsaunukan Adar yake gangarowa, a jihar Tawa ta Nijar, ta kwarin da ake kira Magiya. Ƙorama ce ta damina: idan aka yi ruwa a Adar sai ta taso da ƙarfi, jajawur da laka, ta ratsa yankin Galmi mai albasa, ta wuce ta gefen Birnin Ƙonni, ta tsallake iyaka ta zube a Kalmalo. Bayan farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970, gwamnatin Nijar ta ɗaura niyyar tare wannan ruwa don noman rani. Aka gina madatsun Mozage da Zango a kan Magiya, aka ja magudana zuwa Ƙonni, aka shimfiɗa filin noman rani na sama da hekta 2,400 tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Sai kuma farin 1984 ya biyo baya. Ruwan sama ya ragu, ɗan wanda ya sauka kuma an tare shi a sama. Kalmalo, da yake shi ne a ƙarshen layi, shi ya kwana da ƙishi. Aikin noman rani da gwamnati ta kafa a bakin tafkin, a ɓangaren Najeriya, wanda ya dogara da ruwansa, ya shiga halin ni-'yasu.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Washegari matafiyin ya tsallaka Ƙonni, ya wuce shingen kwastan da na jandarmomi, ya je ya tsaya a bakin babbar magudanar siminti. Abin da ya gani ya hana shi saurin ɗora laifi. Mutanen da ke duƙe cikin fangalin alkama da albasa a can ba su da bambanci da na Kalmalo: harshe ɗaya, sutura ɗaya, da yawansu ma surukan juna ne. Su ma kukan ruwa suke yi, domin laka ta cike madatsun, abin da suke riƙewa ya ragu, na ƙarshen magudana ba ya samun rabonsa a kan lokaci. A 'yan shekarun nan an gyara filin da kuɗin tallafin Amurka, ƙarƙashin yarjejeniyar dala miliyan 437 da aka sa wa hannu a 2016, aka kuma kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin manoma su riƙa tsara rabon da kansu. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai iyakar ƙungiyoyin ita ce iyakar filin. Masuncin Kalmalo, wanda ruwan nan ɗaya ne ke rayar da shi, ba ya cikin lissafinsu.

Kuma duk ɗan Najeriyar da zai ɗaga murya kan Mozage, ya kamata ya tuna da Jibiya. Madatsar da Najeriya ta gina a can, a jihar Katsina, ta tare kogin Gada, wanda shi ne ke zama Gulbin Maraɗi idan ya shiga Nijar. Kukan da manomin Kalmalo ke yi da Ƙonni, shi manomin kwarin Maraɗi ke yi da Jibiya. A Magiya Nijar ce a sama, a Gada Najeriya ce a sama.

Gwamnatocin biyu sun san da haka. Tun 1971 suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, mai hedikwata a Yamai. Ranar 18 ga Yulin 1990, a Maiduguri, suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci. Kwaruruka huɗu ta ambata: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙasan Komadugu Yobe. Ta ce a riƙa musayar bayanai, kowace ƙasa ta sanar da 'yar'uwarta kafin ta yi aikin da zai taɓa ruwan, ta kuma kafa kwamitin ƙwararru na dindindin. Takarda ce mai kyau, wadda ta riga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da ke ratsa ƙasashe. Amma kwamitin na injiniyoyi ne da jami'an ma'aikatu. Matafiyin ya tambayi tsohon nan na gindin gawo ko ya taɓa jin labarinta. Ya girgiza kai. Sama da shekara talatin ke nan da rubuta takardar da ta ambaci ruwansa da suna, ba a taɓa karanta masa ita da Hausa ba.

A nan ne maganar "masu ruwa da tsaki" ke shigowa. Kalmar ta zama ruwan dare a bakin 'yan jarida da jami'ai: an gana da masu ruwa da tsaki, an tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Mafi yawan lokuta abin da ake nufi shi ne taron yini biyu a zauren otal a babban birni, da Turanci ko Faransanci, inda aka riga aka rubuta takardar bayan taro kafin a buɗe da addu'a. Akan gayyato basarake ɗaya da shugaban wata ƙungiya, a ba su jaka da biro, a ɗauki hoto. Ga wanda ya zauna a kan kifaffen kwale-kwale a Kalmalo, abin yana da ciwo, domin kalmar da ruwa ta fara, kuma masu ruwan na ainihi su ne ba sa zauren.

Haka abin yake a wajen bincike. Tsohon ya ce baƙi masu littafi sun sha zuwa. Sukan zo da kwalabe su ɗebi ruwa, su haƙa ƙasa su ƙulla a leda, su auna kifi da ma'auni, su yi tambayoyi har mutum ya gaji: 'ya'yanka nawa, nawa kake samu a wata, wane irin taru kake amfani da shi. Ana karɓarsu hannu biyu, a ba su fura, a haɗa su da yaro ya zaga da su.

"Amma ɗana, ko ɗaya bai taɓa dawowa ya ce ga abin da munka gani ba."

Mai lambun da kanwa ke cin gonarsa zai so ya san abin da kwalaben suka nuna. An rubuta shi, yana cikin kundin digiri a wani ɗakin karatu, da harshen da ba ya ji. Asarar kuwa ta kowane ɓangare ce. Mai binciken da ya zo na mako biyu cikin rani ya tafi da hoton mako biyu, alhali a gabansa ga mutumin da ke ɗauke da tarihin hawa da saukar tafkin na shekara sittin, bai tambaye shi wannan ba saboda babu gurbinsa a takardar tambayoyi.

Masu kula da tekuna sun koyi wannan darasi da tsada, kuma labarinsu ya shafi Kalmalo kai tsaye. A gaɓar Newfoundland ta ƙasar Kanada akwai kifin kod, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kamawa. Tun tsakiyar shekarun 1980 ƙananan masunta na bakin gaɓa suka fara kuka: kifin na raguwa, wanda ake samu kuma ƙanana ne. Masanan gwamnati suka ce lissafinsu bai nuna haka ba. Lissafin kuwa ya jingina sosai da abin da manyan jiragen kamfanoni ke kamawa, su kuma jiragen suna da na'urorin da ke gano inda ragowar kifin ya taru, saboda haka kamunsu bai faɗi ba har sai da aka kusa share tekun. Ranar 2 ga Yulin 1992 ministan kamun kifi John Crosbie ya sanar da haramta kamun kod na shekara biyu. Mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Haramcin na shekara biyu bai tashi ba sai 2024.

Kusa da gida, Ghana ta gwada rufe teku na wata guda a 2018 domin ƙananan kifaye su samu hayayyafa. Hujjar masana mai ƙarfi ce, amma masuntan kwale-kwale suka ƙi, suka ce an faɗo musu da doka daga sama kuma a tsakiyar kakarsu. Dole gwamnati ta janye. Aka koma aka zauna da shugabannin masunta, aka daidaita kan lokaci, sannan rufewar ta yiwu daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yunin 2019. Mutanen da suka ƙi dokar farko su ne waɗanda tun kakanninsu ba sa shiga teku ranar Talata. Hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Abin da suka ƙi shi ne a yanke ba da su ba. Saboda irin waɗannan darussa ne Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin kare ƙananan masunta a 2014, waɗanda suka ce a sa su cikin shawara tun daga tushe, Majalisar kuma ta keɓe 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na binciken teku, tana nanata cewa a tsara binciken tare da mutanen da zai shafa.

Ƙasar Hausa ba ta buƙatar aron wannan daga Kanada. Sarautar Sarkin Ruwa ta girmi duk wata ma'aikata. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake mafi yawan shekara, ba mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma wannan hani shi ne sirrin manyan giwan ruwan da ake fitarwa ranar bikin da aka fara tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. A Tafkin Kainji, cikin shekarun 1990, wani aikin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus ya yi yaƙi da jan dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi, kuma ya yi tasiri ne ta hanyar zama da sarakunan ruwa da masunta ƙauye bayan ƙauye. Akasin haka ma a nan kusa ya faru. An gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato ba tare da sauraron manoman da aka karɓe wa gonaki ba, da suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar shekara-shekara ke ciyar da shinkafarsu, su ko a lissafin diyyar ba su shiga ba.

Ba a ce a miƙa komai ga masu sarauta a koma gefe ba. Sarkin Ruwa mutum ne, yana iya fifita danginsa, yana iya kau da kai idan mai kuɗi ya kawo haramtaccen taru. Kuma akwai waɗanda ko a zauren gargajiya ba a jin muryarsu. A bayan wani gida a Kalmalo matafiyin ya hango hayaƙi na tashi daga rabin ganga, aka ce masa matan gidan ne ke banda. Su ne suka san farashi, su suka san watan da kifi ke zuwa da ƙwai a ciki domin su ke fasa cikinsa, su ne kuma ke fara jin jiki idan kamu ya ragu. Ga Fulanin da ke shayar da dabbobi, waɗanda rabin shekara suna Nijar rabi suna Najeriya, babu dagacin da ke ƙirga su cikin mutanensa. Zaman da babu waɗannan a cikinsa bai cika ba, ko a otal aka yi shi ko a ƙofar fada.

A watan Agustan 2023 Najeriya ta kafa ma'aikatar kula da teku da tattalin arzikin ruwa, daga baya aka mayar da sashen kamun kifi na tarayya ƙarƙashinta daga ma'aikatar gona. Ke nan a takarda, tsohon da ke ɗinkin kalli a gindin gawo, tafiyar sama da kilomita dubu daga gaɓar teku, yana cikin mutanen wannan ma'aikata. Ƙasar na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, tana da cibiyar binciken teku a Legas da ta binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, amma kifin da take samarwa bai kai rabin wanda take ci ba, shi ya sa kwalayen ƙanƙara ke hawa mota har Illela. Kaso mafi tsoka na wanda ake kamawa a gida kuwa daga hannun ƙananan masunta yake fitowa, na bakin teku da na gulabe da tafkuna.

Abin da Kalmalo ke buƙata ba ya da tsada. A kafa sandar awo a cikin tafkin, a damƙa littafinta ga mutanen gari su riƙa rubuta hawa da saukar ruwa, a kafa irinta a Mozage da Zango, a riƙa musayar lambobin ta waya. Idan za a saki ruwa daga sama, a sanar da na ƙasa kafin ya iso musu cikin dare. Kwamitin da yarjejeniyar Maiduguri ta kafa ya riƙa zama a Illela da Ƙonni bi da bi, da Hausa, tunda ita ce harshen kowa a kwarin, a ajiye kujerun masunta da masu lambu da makiyaya da mata masu banda daga ɓangarorin biyu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da takwararta ta Tawa su sa wa ɗalibansu sharaɗi: wanda ya ɗebi ruwa ko ƙasa a ƙauye, ya koma ƙauyen ya faɗi abin da ya gano kafin a sa masa hannu. Dangantakar Abuja da Yamai ta yi tsami tun 2023, amma mutanen Illela da Ƙonni ba su daina cin kasuwar juna ba, Lahadi a nan, Laraba a can, kuma zaman ruwa zai iya farawa daga wannan.

Da la'asar matafiyin ya koma yi wa tsohon sallama. Ya gama ɗinkin, ya shanya kallin a reshen gawo, yana alwala da ruwan buta. Ya yi wa baƙon addu'ar sauka lafiya, ya ce ya yi sauri ya kama hanya, domin direbobi yanzu ba sa son dare ya same su. Har mai kabu-kabu ya tada babur, tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"Ɗana, in ka rubuta, ka aiko a karanta muna."

Saƙon nasa ke nan, kuma ya wuce kan matafiyin shi kaɗai. Hukumar Haɗin Gwiwa da ke Yamai, da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, da ma'aikatar kula da teku da ke Abuja, da duk ɗalibin da ya taɓa cika kwalba a Kalmalo, su koma bakin tafkin kafin damina ta faɗi, su karanta wa mutanen abin da aka rubuta a kan ruwansu, sannan su zauna su ji nasu bayanin.